Kwafi Ɗari Biyar na Mai Igiya

Ranar Talata da misalin ƙarfe goma na safe aka yanka littattafan Auta. Kwafi ɗari biyar ne cif, har da guda uku da ta riga ta bayar kyauta, waɗanda aka bi aka karɓo. A bayan maɗaba'ar da ta buga su aka yi aikin, da injin da ya daidaita gefensu makonni uku da suka wuce. Mai injin yana ɗaukar goma-goma, ya jera, ya sauke wuƙa a tsakiya, ya ture cikin buhu. Lauyan wani kamfanin wasan bidiyo, wani matashi mai farar riga, yana gefe yana ɗaukar bidiyo da wayarsa. Auta ma tana tsaye, domin yarjejeniyar ta ce sai a gaban idonta.

Ba ta yi kuka ba. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce wa mai injin ya kula da yatsunsa. Da aka gama ta sa hannu a takarda, ta hau mota ta koma asibitin da take aikin yanke kati, ta tarar da layi har bakin ƙofa.

Sunan littafin Mai Igiya. Shekara biyu da wata huɗu ta yi tana rubuta shi.

*

A shagon Yayanta abin ya faro. Yaya yana da shagon wasan bidiyo a bayan tasha: allo shida, kujerun roba, da fanka ɗaya mai ƙara. Idan Auta ta tashi daga aiki takan biya ta jira shi su koma gida tare, tunda shi ne mai babur. A nan ta fara kallon wasan da 'yan shagon suke kira Tsibirai. Wani kamfani ne na ƙasar waje ya ƙera shi. Ɗan wasa yana tuƙa jirgin ruwa daga tsibiri zuwa tsibiri, yana kunna fitilun da suka mutu, yana faɗa da duk abin da ya tare shi.

Faɗan bai taɓa burge ta ba. Wadda ta ja hankalinta wata mata ce a tashar jirgi ta farko, zaune a kan akwati tana sayar da igiya. Kowane ɗan wasa sai ya sayi igiya a hannunta kafin ya tashi. Magana ɗaya tak masu wasan suka sa mata a baki: tana ce wa mai saye ya dawo mata da ragowar. Babu wanda yake dawowa.

"Yaya, wace ce wannan?"

"Ba kowa ba ce. Shago ne aka yi wa fuska. Ana dannawa a wuce."

"Tana da miji?"

"Haba Auta! Ana kashe ni a nan kina tambayata mijin mai igiya."

Washegari lokacin hutun rana ta fara rubutu a wayarta, a bayan tagar kati. Ta ba matar miji da ya tafi da igiya bai dawo ba, da 'ya mai taurin kai, da ciwon gwiwa, da tsohuwar gaba tsakaninta da mai gadin fitila. Sunayen tsibiran da na jiragen ta bar su yadda suke a wasan. Duk sauran daga kanta suka fito. Ba ta da rajista a dandalin intanet na masoya wasan, don haka da rajistar shagon Yaya take ɗora babi-babi, sannan ta tura a zauren masu karatu da ta buɗe a waya. Kafin ta kai babi na sittin da uku, wanda shi ne na ƙarshe, mutum sama da dubu biyu suke binta.

A cikinsu akwai wanda kowa yake kira Edita. Yana da ɗaki a saman maɗaba'ar, inda yake gyara rubutu, ya tsara shafi, ya yi wa marubuta zirga-zirgar rajistar littafi. Shi ya ce mata wannan labarin ya fi ƙarfin waya. Ta kai masa rubutun gaba ɗaya. Bayan mako guda ya kira ta, ya juyo mata da allon na'urarsa.

"Malama, labarin naki ne, amma gidan da kika ajiye shi na wasu ne. Ki canza sunayen nan. Aikin minti goma ne. A nemo, a maye gurbi, shi ke nan."

"In na canza wa zai gane ta? Mutum dubu biyu da igiyarta suka san ta."

"Kamfani ma da ita ya san ta."

"Kamfanin da ko suna bai sa mata ba? Ai zan rubuta a shafin farko, kamar yadda kowa yake yi."

Abin da kowa yake yi a dandalin shi ne, a saman kowane labari mutum ya rubuta cewa duniyar wasan da mutanen cikinta mallakar kamfani ce, shi aro ya yi don ƙauna. 'Yan dandalin sun ɗauki wannan layin kamar garkuwa. Babu wanda ya taɓa tambayar lauya.

Edita ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai na faɗa."

Aka buga littafin da sunayen, da layin aron a shafin farko, da godiya ga kamfani a ƙarƙashinsa. Ranar da ta karɓo, ta ɗauki hoton bangon ta ɗora a dandalin da hannunta.

*

Kwana tara bayan nan wasiƙar ta zo, kuma shago aka kai ta, saboda adireshin shagon ne a kan rajistar. Shafi huɗu ce. A sakin layi na biyu lauyan kamfani ya kwafo layin aron kalma da kalma, ya ce marubuciyar da kanta ta amsa cewa ta san kayan ba nata ba ne, kuma duk da haka ta buga don sayarwa. Ya ba ta kwana bakwai: a lalata duk kwafin da aka buga, ta goge duk abin da ta ɗora, sannan ta yi rantsuwa a rubuce cewa babu sauran kwafi a hannunta ko a ƙarƙashin ikonta, a takarda ko a na'ura. In ba haka ba, kotu, tare da rufe rajistar da allunan shagon shida suke aiki da ita.

Yaya ya zo da wasiƙar gida da la'asar, ko hular kwano bai cire ba. Baba yana zaune a baranda. Tsohon direban babbar mota ne, shekara uku ke nan idonsa ya daina rarrabe komai sai haske da duhu.

"Kin ga abin da kika jawo?" in ji Yaya. "Na ba ki aron rajista ki yi wasa, kin je kin buɗe kasuwa da ita."

"Kai ka ce in buga. Kai ka kai ni maɗaba'ar a babur ɗinka."

"Na kai ki. Na ce ki tura musu hoto? Sai ka ce wadda ta ɗauki kayan mutum ta je ƙofar gidansa tana talla."

"Kayan wa na ɗauka? Matar da magana ɗaya suka ba ta?"

"To ki je ki faɗa wa alƙali haka. Ni ki gaya mini da me zan ciyar da gidan nan in suka kashe alluna."

Baba ya gyara zama. "Ku karanta mini, a hankali. Ba da ihu ba."

Yaya ya karanta. Da ya kai ƙarshe Baba ya ce, "Wato su da igiya, ita da matar."

"Baba, ba a raba shi haka," in ji Yaya.

"Na ji. Tambaya na yi."

Ranar Lahadi ta zauna a falo ta goge, Yaya yana tsaye a kanta. Babi sittin da uku, kowanne da ɗaruruwan sharhin masu karatu a ƙasansa. Kowane babi sai na'ura ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta rubuta a zauren waya tana roƙon kowa ya goge abin da ke hannunsa, sannan ta rufe zauren. Ta goge rubutun asali da ke wayarta. Ranar Litinin Edita ya goge nasa a gabanta da gaban lauyan kamfani, har ya buɗe musu kwandon shara na na'urar ya nuna babu komai. Ranar Talata aka yanka littattafan. Ranar Laraba ta je harabar kotu ta yi rantsuwa, aka buga hatimi.

Shagon Yaya ya ci gaba da aiki.

*

Mako biyar bayan haka, wata mata mai juna biyu ta miƙo katinta ta taga, ta ajiye littafin da take karantawa a buɗe a kan katako. Daga inda Auta take, rubutun a juye yake. Duk da haka layi ɗaya ta karanta ta san na gaba.

"Baiwar Allah, in ga bangon littafin nan?"

"Ai kuwa ki nema, yana da daɗi. Jiya ko girki ban yi ba."

Sunansa Mai Raga. A ƙasa sunan Edita na gaskiya ne, cikakke, da manyan haruffa.

Ta sayi kwafi a shagon littattafai da ke kusa da tasha, ta duba shi a tsaye. Tsibiran sun samu sababbin sunaye. Fitilu sun koma ƙararrawa, igiya ta koma raga. Ciwon gwiwar yana nan, 'yar tana nan da taurin kanta. A shafi na ɗari da goma sha huɗu na'ura ta tsallake kalma ɗaya, matar tana naɗe igiya a hannu alhali raga take sayarwa.

Ta hau benen maɗaba'ar ba tare da ta kira shi ba. Edita yana gyara wa wani kalandar makaranta. Ya sallami mutumin, ya nuna mata kujera. Ba ta zauna ba.

"A gabana ka goge."

"Naki na goge, Malama. Wannan wanda na canza ne. Tun ranar da na ba ki shawara na yi gwaji na ajiye."

"Kalmomina ne. Daga farko har ƙarshe."

"To ki kawo naki mu jera su mu gani."

Ta zuba masa ido. Bai kau da kai ba.

"Ki saurare ni. Na ba ki shawara kin ƙi. Da na bar shi, da labarin nan ya mutu a cikin buhu. Ni na cece shi. Yanzu ga shi mutane suna karantawa, kamfani bai ce uffan ba. In kina so, a bugu na biyu zan sa sunanki a shafin godiya."

"Godiyar me?"

"Ta gudummawa."

"Allah ya isa tsakanina da kai, Edita."

"Amin. Ki ja mini ƙofar in kin fita, sanyi na fita."

*

Wata abokiyar aikinta ce ta haɗa ta da Lauya, mace mai yawan aiki da ƙarancin magana, wadda ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman kantin magani. Lauya ta karanta wasiƙar kamfani da takardar rantsuwa, ta duba shafi na ɗari da goma sha huɗu, ta cire tabarau.

"Kafin ki sa hannu a wannan, wa kika nuna wa?"

"Yayana."

"Lauya ne?"

"Shagon wasa gare shi."

Lauya ta rubuta wani abu. Daga baya ta yi mata bayani a taƙaice. Duniyar wasan ta kamfani ce, wannan babu gardama. Amma jimlolin da ta rubuta da mutanen da ta ƙirƙiro, akwai hanyar da za a bi a ce nata ne. Sai dai dole ta nuna cewa ita ta rubuta, kuma ta riga shi.

Suka shigar da ƙorafi a ofishin rajistar littattafai. Lauya ta rubuta wa lauyan kamfani tana neman kwafin rubutun Auta da ya riƙe a fayil. Amsar ta zo cikin layi uku: kamfani ba shi da matsala da littafin da babu sunayensa a ciki, kuma ba ya sakin abin da ke fayil ɗinsa. Auta ta bi tsofaffin masu karatu ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sun goge kamar yadda ta roƙa. Mutum goma sha ɗaya suka turo hotunan babi da suka ɓoye.

Amsar Edita ta iso bayan mako biyu. Ya ce shi ya rubuta labarin tun asali, yana ba ta babi-babi ta gwada masa a wurin masu karatu, ita ce ta cusa sunayen wasan don ta ja jama'a, kuma abin da ya jawo mata fitina ke nan. Ya haɗa da hoton rajistar littafin da sunansa, da shaidar cewa yana cikin zauren waya tun watannin farko.

Lauya ta baza hotunan goma sha ɗaya a kan tebur. "Duba saman kowanne. Sunan wa?"

"Na shagon Yaya."

"Sun nuna an ɗora. Ba su nuna wa ya rubuta ba. Ina son abin da zai nuna ki kina cikin aikin. Gyara, gogewa, tsohon rubutu, komai."

"Na goge."

"Duka?"

"Rantsuwa na yi, Lauya. Duka."

*

Ranar Alhamis na'urar kati ta lalace, aka sallame su tun azahar. Ta shiga gida babu wanda ya ji ta. Tun daga tsakar gida ta jiyo muryar mace a ɗakin Baba, tana karatu, tana tsayawa. Sai da ta kai bakin ƙofa ta gane muryarta ce.

Tun daga babi na farko, kafin ta ɗora komai, takan karanta wa Baba a saƙon murya lokacin hutun rana, tunda ba ya iya karatu. A ranar gogewa ta share nata ɓangaren, ta ce ya kawo wayarsa, ya ce an gama da wannan. Ta ɗauka Yaya ne ya yi. Yaya ya ɗauka ita ce.

A cikin wayar muryar tana cewa, "A'a, tsaya Baba, wannan layin bai yi ba, bari in sake." Sai wani saƙon, muryar Baba, yana cewa mai gadin fitila ba zai taɓa neman gafara da bakinsa ba, ta sa shi ya aiko da man gwiwa kawai. Sai muryarta tana dariya tana cewa to, za ta gwada.

"Baba."

Ya laluba ya kashe. "Kin dawo da wuri."

"Ka ce an goge."

"Cewa na yi an gama da wannan. An gama maganar."

"Na rantse a kotu, Baba!"

"Ke kika rantse. Ni babu wanda ya kawo mini takarda. Kuma ni da ko ƙarar agogon wayar nan ban iya kashewa ba, ta ina zan fara gogewa?"

"Nawa ne a ciki?"

"Duka. Ina babi na arba'in, zagaye na uku."

Ta zauna a bakin gado. Kowane saƙo da ranarsa da lokacinsa, na farko ya riga shigar Edita zauren da wata uku.

Da Yaya ya dawo ya ji, a tsakar gida ya tsaya yana magana.

"Layin wayar nan da sunan wa aka yi rajistarsa? Ba da naki ba? A gidan nan, da sunanki, ki ce ba a ƙarƙashin ikonki yake ba? Kina kai wayar nan ofishin rajista, gobe lauyan nan mai farar riga yana ƙofar shagona. Baba, kawo wayar."

"Ka zo ka karɓa," in ji Baba. Ya zura ta cikin aljihun gaba ya ɗora hannu a kai.

Yaya bai matsa ba. Ya juya kan Auta. "Suna ne fa kawai a bayan littafi. Shagon nan mutum biyar yake ciyarwa, har da ke."

"Na sani."

"To?"

"Na ce na sani, Yaya."

*

Lauya ta saurari saƙo huɗu a ofishinta, Baba yana zaune a gefe, wayar a hannunsa, bai yarda ya sake ta ba. Da ta gama ta ce wannan ya wadatar a kan Edita, babu shakka. Sannan ta jawo takardar rantsuwa ta ja layi a ƙarƙashin sakin layi na uku. Duk abin da aka gabatar a zaman sauraron ƙorafin, in ji ta, yana shiga fayil ɗin da kowa zai iya nema, kuma sunayen wasan suna cikin kowane saƙo. Kamfani yana iya kau da kai. Yana iya kuma cewa an karya yarjejeniya, ya koma kan duk abin da ya yi barazana da shi a wasiƙar farko, har da maganar rantsuwar ƙarya. Za ta iya kare ta da cewa ba ta sani ba. Ba za ta yi mata alkawarin yadda za ta kaya ba.

"Ke me za ki yi, in ke ce?" in ji Auta.

"Ni ba ni da shago, ba ni da littafi. Kada dai ki goge yanzu, kada kuma ki tura wa kowa. Ki ba ni amsa kafin a rufe karɓar shaida."

A hanyar komawa sun wuce shagon littattafai na tasha. An liƙa takarda a gilashi cewa bugu na biyu na Mai Raga ya iso. Auta ba ta faɗa wa Baba ba. Ta riƙe hannunsa suka tsallaka titi.

Yaya ya daina ɗaukarta a babur, yanzu mota take hawa. Baba kuma ya daina ba kowa wayarsa ya sa masa a caji. Da kansa yake laluba soket, ya zauna kusa da ita har ta cika.

An sa zaman ranar sha huɗu ga wata mai zuwa. A jerin shaidun da Lauya ta shirya akwai hotuna goma sha ɗaya a layi na farko, da shafi na ɗari da goma sha huɗu a layi na biyu. Layi na uku ta sa masa lamba, ba ta rubuta komai a gabansa ba.